BABI NA UKU: SIFFOFI DA HAƊURRAN ƘUNSHIN BABBAR MANHAJA DA AKA YI WA KWASKWARIMA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin ma'anar babbar manhaja da matsayinta a cikin kwamfuta, inda aka nuna cewa ita ce ke shiga tsakanin ƙarafan na'ura da sauran manhajojin da mutum ke aiki da su. A wannan babi kuwa za a duba ƙunshin da ake girka babbar manhajar da shi, musamman irin wanda bai fito kai tsaye daga hannun kamfanin da ya ƙirƙire ta ba, wato wanda wani mutum daban ya buɗe, ya rage wasu abubuwa, ya ƙara wasu, sa'annan ya sake shi ga jama'a. Za a fi mayar da hankali a kan Windows ta kamfanin Microsoft, domin ita aka fi yi wa irin wannan aiki, ita ce kuma ta fi yawa a kwamfutocin ofisoshi da makarantu da shagunan buga takardu na ƙasar nan. Abin da babin ke son tabbatarwa shi ne, siffofin da ke jawo mutane zuwa ga irin wannan ƙunshi su ne dai ƙofofin da haɗari ke shigowa ta cikinsu.

3.1 Ma'anar Ƙunshin Girkawa

Ƙunshin girkawa fayil ne guda ɗaya mai ɗauke da duk abin da ake bukata domin ɗora babbar manhaja a kan kwamfuta. Masu gyara sun fi sanin sa da sunan ISO. Sunan ya samo asali ne daga ƙa'idar tsara bayanai a faifan CD mai lamba ISO 9660, wadda aka fitar a shekarar 1988. A da ana kwafe shi a faifan CD ko DVD, yanzu kuwa a filas ake zuba shi, a soka a jikin kwamfuta, a tayar da ita daga nan.

Tun daga Windows Vista, ainihin babbar manhajar tana naɗe ne a cikin wani babban fayil da ke cikin ƙunshin, mai suna install.wim. Kamfanin Microsoft da kansa ya tanadi kayan aikin buɗe wannan fayil, irin su DISM, ya kuma tanadi hanyar rubuta amsoshin tambayoyin girkawa tun kafin a fara, ta yadda kwamfuta za ta girka kanta ba tare da an tsaya a kanta ba. An yi haka ne saboda manyan ma'aikatu da kamfanonin ƙera kwamfuta masu girka na'urori ɗaruruwa a lokaci guda. Ke nan, buɗe ƙunshi a gyara shi ba baƙon abu ba ne, kuma ba shi ne laifin ba. Abin tambaya shi ne wane ne ya yi gyaran, me ya taɓa, kuma ta wace hanya ƙunshin ya iso hannun mai amfani da shi.

A zamanin Windows XP wata manhaja mai suna nLite ta sauƙaƙa wannan aiki, har ya zama duk wanda ya ɗan iya kwamfuta yana iya haɗa tasa Windows ɗin. Daga nan ne aka sami faya-fayai masu sunaye irin su Black Edition da TinyXP. Bayan nLite an sami vLite domin Vista, sai kuma NTLite. A 'yan shekarun nan sunayen da suka yi tashe sun haɗa da Ghost Spectre da Tiny11 da AtlasOS da ReviOS. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ya fito daga Microsoft.

3.2 Dalilan da ke Sa Jama'a Neman Sa

Babban dalili shi ne raunin na'ura. Kaso mai yawa na kwamfutocin da ke hannun ɗalibai da ƙananan 'yan kasuwa a nan tsofaffi ne da aka yi amfani da su a ƙasashen waje, wato 'yan kwatano, waɗanda ake saye a kasuwanni irin su Computer Village ta Ikeja da titin Beirut a Kano. Windows 11, wadda ta fito ranar 5 ga Oktoba, 2021, ta gindaya sharuɗɗan da suka fi ƙarfin yawancin waɗannan na'urori: RAM mai gigabait 4, da ma'adana mai gigabait 64, da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, da furosesa na zamani, wanda a ɓangaren Intel galibi daga zubi na takwas ne zuwa sama. A ɗaya ɓangaren kuma Microsoft ya janye tallafinsa daga tsofaffin: Windows XP ranar 8 ga Afrilu, 2014, Windows 7 ranar 14 ga Janairu, 2020, Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoba, 2025. Mai tsohuwar kwamfuta sai ya tsinci kansa a tsaka mai wuya, tsohuwar an daina kula da ita, sabuwar kuma ta ƙi shiga. Idan aka ce masa ga wata Windows 11 da za ta shiga kowace na'ura, da wuya ya tsaya dogon tunani.

Sauran dalilan sanannu ne. Akwai tsadar lasisi, akwai tsadar data, wadda ke sa mutane su tsani sabuntawar da Windows ke saukowa da ita ba da izininsu ba, akwai kuma samari masu wasannin kwamfuta da ke neman ƙarin sauri ko yaya yake. Bugu da ƙari, mutane da yawa ba su ma san irin Windows ɗin da ke cikin na'urarsu ba. Sun kai ta wurin mai gyara ne a yi mata fomatin, shi kuma ya ɗauko filas ɗin da yake yi wa kowa aiki da shi.

3.3 Siffofin Ƙunshin da Aka Yi wa Kwaskwarima

Siffa ta farko da ake tallata shi da ita ita ce sauƙi. Ana cire manhajojin da suka zo tare da Windows waɗanda mai gyaran ke ganin ba su da amfani, ana kashe ayyukan da ke gudana a ɓoye, ana kuma rage harsuna da direbobi. Alal misali, Tiny11, wadda ta fito a farkon shekarar 2023, tana cin wajen gigabait 8 na ma'adana bayan an girka ta, alhali cikakkiyar Windows 11 tana haura gigabait 20, kuma tana iya tashi da RAM mai gigabait 2. Ya kamata a faɗi gaskiya cewa wannan sauƙi ba ƙarya ba ne. Tsohuwar kwamfuta takan tashi da wuri, ta kuma rage nauyi.

Har ila yau, irin wannan ƙunshi yakan tsallake binciken TPM da na furosesa, ya tsallake tilasta wa mutum buɗe asusun Microsoft, ya kuma toshe hanyoyin da Windows ke aika bayanan amfani zuwa ga kamfanin. Wasu suna zuwa da hotuna da launuka na musamman, wasu da manhajoji irin su Office a girke. Da yawa kuma suna zuwa a buɗe, wato an riga an fasa kwaɗon lasisinsu, ba sa tambayar lambar saye. A nan akwai bambanci tsakaninsu, domin akwai waɗanda ba sa taɓa lasisi, sai mutum ya kawo nasa.

Siffar da ba a cika ɗaga murya a kanta ba ita ce kashe kariya. Domin a sami saurin da ake alfahari da shi, akan cire Windows Defender ko a kashe shi, a dakatar da Windows Update, a kashe akwatin nan da ke fitowa yana neman izini kafin wata manhaja ta canza tsarin kwamfuta, wani lokaci ma a kashe facin da aka yi wa ɓarakar furosesa da ake kira Spectre da Meltdown, waɗanda aka bayyana a watan Janairun 2018. A shekarar 2023 masana tsaro sun soki AtlasOS a kan irin waɗannan abubuwa. Abin lura a nan shi ne, a idon mai haɗa ƙunshin waɗannan duk nauyi ne da ya sauke wa kwamfuta, alhali su ne ƙyauren gidan.

3.4 Haɗurra

3.4.1 Haɗarin Abin da Aka Cire

Ko da mai haɗa ƙunshin mutumin kirki ne, bai saka komai na cuta ba, cire sabuntawa kaɗai ya isa illa. Microsoft yana fitar da facin tsaro ne a ranar Talata ta biyu ta kowane wata, kuma da zarar facin ya fito, ɓarakar da ya toshe ta zama sananniya ga kowa, har da masu kutse. Kwamfutar da ba ta karɓar faci tana ƙara rauni ne wata bayan wata, ko da kuwa mai ita bai ga wani canji ba.

Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne na WannaCry. Microsoft ya fitar da facin ɓarakar ranar 14 ga Maris, 2017. Ranar 12 ga Mayu na wannan shekara cutar ta ɓarke, tana kulle fayilolin mutane tana neman kuɗin fansa, ta kuma shafi kwamfutoci kimanin 200,000 a ƙasashe 150, ciki har da na asibitocin gwamnati a Birtaniya. Wata biyu ke nan da samuwar maganin, amma bai isa ga waɗanda abin ya shafa ba. Kwamfutar da aka cire wa hanyar sabuntawa tun daga ranar girkawa tana cikin irin wannan hali ne a kullum.

Akwai kuma ƙunshin da aka yi wa yankan da ba ya ɗinkuwa. A cikin Windows akwai wani rumbu mai suna WinSxS inda take ajiye sassan da take bukata domin gyara kanta da karɓar faci. Yana da girma, saboda haka masu neman ƙanƙanta sukan share shi. Wanda ya haɗa nau'in Tiny11 da ake kira Core ya bayyana da kansa cewa ba a iya sabunta shi, kuma bai dace da aikin yau da kullum ba. Sai dai wannan gargaɗi yana kan shafin da aka sauko da ƙunshin ne, ba ya bin filas zuwa shagon mai gyara.

Ƙananan matsaloli kuwa ba su ƙirguwa. Mai wannan nazari ya taɓa kai aikinsa wani shagon buga takardu inda aka yini ana fama da firinta sabuwa fil ta ƙi aiki. An canza waya, an sake direba, har an fara zargin wanda ya sayar da ita, kafin a gano cewa Windows ɗin da ke kan kwamfutar an cire mata sashen da ke kula da bugawa gaba ɗaya, domin wanda ya haɗa ta masu wasanni ya yi wa. Sai da aka sake fomatin.

3.4.2 Haɗarin Abin da Aka Cusa

Wannan shi ne mafi muni, kuma ya kamata a ɗan tsaya a kansa. Cutar da ta shigo kwamfuta daga waje, ta filas ko ta intanet, baƙuwa ce, dole ta nemi hanyar wuce masu gadi. Wadda aka cusa a cikin ƙunshin girkawa kuwa da ita aka gina gidan. Tana tashi tare da babbar manhaja, tana da cikakken iko tun daga minti na farko, kuma wanda ya saka ta yana da damar kashe duk abin da zai iya gano ta. Manhajar rigakafin da aka girka daga baya a kan wannan babbar manhajar take dogara wajen ganin fayiloli. Idan an koya wa babbar manhajar ɓoye wani abu, mai rigakafin yana iya dubawa ya ce lafiya lau.

Ba zato ba ne kawai, an sha ganin haka. A watan Satumba na 2012 Microsoft ya bayyana sakamakon wani bincike da ma'aikatansa suka yi a ƙasar Sin, inda suka sayi sababbin kwamfutoci 20 daga shaguna. Dukkansu jabun Windows ne a kansu, huɗu daga ciki kuma sun zo da cuta tun daga shago. Ɗaya daga cikin cututtukan, mai suna Nitol, tana haɗa kwamfuta da wata cibiya da ke ba ta umarni daga nesa da zarar an hau intanet, tana kuma kwafe kanta a duk filas ɗin da aka soka. Masu sayen irin waɗannan na'urori ba su sauko da komai ba, ba su buɗe wani mugun saƙo ba, a kwali suka sayo matsalarsu.

A watan Disamba na 2022 kamfanin tsaro na Mandiant ya ba da rahoton wani ƙunshin Windows 10 cikin harshen Yukren da aka baza a shafukan torent. An kashe masa sabuntawa da binciken lasisi da hanyoyin tuntuɓar Microsoft, wato daidai siffofin da aka lissafa a sashe na 3.3, sa'annan aka ɗora masa wasu ayyuka da ke tashi da kansu suna aika bayanan kwamfutar zuwa ga maharan. Su kuma sai su duba su zaɓi waɗanda suke so, su ƙara musu kayan leƙen asiri. An sami irin waɗannan kwamfutoci a cikin hukumomin gwamnatin Yukren. Darasin da ke cikin wannan ga ma'aikatunmu a fili yake, domin ma'aikaci guda da ya girka wa kwamfutar ofis ƙunshin da ya samu kyauta ya isa ya buɗe ɓarauniyar hanya zuwa cikin ma'aikatar.

A watan Yuni na 2023 kuma kamfanin Doctor Web na ƙasar Rasha ya gano wasu ƙunsoshin Windows 10 na sata masu ɗauke da ɓarawon kuɗin kirifto. Dabarar da aka yi a nan abin dubawa ce. An ɓoye cutar a wani ɗan yanki na ma'adana da ake kira EFI, wanda kwamfuta ke amfani da shi wajen tashi, wanda kuma manhajojin rigakafi da yawa ba su cika leƙawa ba. Aikinta shi ne ta jira mutum ya kwafi adireshin asusun da zai tura wa kuɗi, sai ta musanya shi da na ɓarayin kafin ya manna. Adireshin dogon jerin haruffa da lambobi ne da ba mai haddacewa, saboda haka mutum da hannunsa zai tura kuɗinsa inda ba za su dawo ba. Idan kuma ta ga an buɗe manhajar duba ayyukan da ke gudana, sai ta yi lamo. Kamfanin ya ƙiyasta abin da aka sace da kimanin dalar Amurka 19,000.

Manhajojin fasa lasisi su ma hanya ce. A ƙarshen shekarar 2021 kamfanin Red Canary ya nuna yadda ake haɗa KMSPico da wata cuta mai suna CryptBot, mai kwashe kalmomin sirri da aka adana a burawuza. Abin da ya sa wannan tarko ke kamu shi ne an riga an saba wa mutane cewa manhajar rigakafi takan yi ƙara a kan kayan fasa lasisi, don haka a kashe ta kafin a fara. Mutum da kansa yake sallamar mai gadi.

3.4.3 Matsalar Tantancewa

Ana iya tambaya, shin ba yadda za a yi a gane ƙunshi mai kyau daga marar kyau? Ga ƙunshi na asali akwai hanya. Kowane fayil ana iya lissafa masa wata lamba ta musamman da ake kira SHA-256, mai haruffa da alƙaluma 64, wadda ke canzawa gaba ɗaya idan aka taɓa ko da ɗigo ɗaya a cikin fayil ɗin. Microsoft yana wallafa lambar ƙunshinsa a shafin da ake sauko da shi. Mutum zai lissafa ta wanda ke hannunsa da umarnin Get-FileHash, ya gwada. Idan sun dace, abin da kamfanin ya fitar ne ya iso gare shi.

Ƙunshin kwaskwarima ba zai taɓa dacewa da wannan lamba ba, tun da an taɓa shi. Idan mai haɗa shi ya ba da tasa lambar, abin da take tabbatarwa kawai shi ne fayil ɗin bai canza ba tun da ya bar hannunsa, ba ta cewa komai game da abin da ya zuba a ciki. Yawancin masu wannan aiki kuma da laƙabi aka san su, ba a san sunansu ko garinsu ba, ba kuma wanda za a kama idan abu ya ɓaci. Sa'annan ƙunshin da ya yi suna akan sami masu kwaikwayon sa, su ƙara nasu, su sake shi da sunan na farko. Wanda ke cikin filas ɗin mai gyara wataƙila ya bi hannu biyar kafin ya iso.

Ko lambar ma sai an lura da inda aka samo ta. Ranar 20 ga Fabrairu, 2016, an kutsa shafin Linux Mint, aka karkatar da masu sauko da nau'in 17.3 Cinnamon zuwa wani ƙunshi da aka cusa wa cuta mai suna Tsunami. Masu aikin sun gano cikin ɗan lokaci, suka sanar da jama'a, suka rufe shafin. A ra'ayin mai wannan nazari, wannan misali yana nuna bambancin da ke tsakanin gyara da gyara. Linux Mint ita ma gyararriya ce, a kan Ubuntu aka gina ta, amma lasisinta ya yarda da haka, masu yin ta sanannu ne, abin da suka canza a buɗe yake ga mai son dubawa, kuma da abu ya faru an sami wanda ya fito ya yi bayani. Ƙunshin Windows da aka tsinta a torent ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

3.5 Matsayin Doka

Lasisin Windows bai ba kowa izinin rarraba gyararren kwafinta ba, ko da kyauta ne. A Nijeriya Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta sanya manhajar kwamfuta cikin ayyukan da take karewa. Ga ma'aikatar da ke riƙe bayanan jama'a, kamar makaranta ko asibiti, akwai kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda ta ɗora mata alhakin ɗaukar matakan tsare su. Zai yi wuya irin wannan ma'aikata ta kare kanta idan bayanai suka fita ta kwamfutar da aka cire wa kariya tun ranar farko.

3.6 Abin da Mai Tsohuwar Kwamfuta Zai Iya Yi

Bukatar da ta kai mutane ga waɗannan ƙunsoshi ta gaske ce, ba a magance ta da tsoratarwa kawai. Hanyar da ta fi aminci ita ce a sauko da ƙunshi na asali daga shafin Microsoft, wanda saukowa da shi kyauta ne, a gwada lambarsa, sa'annan mutum ya yi ragin da kansa. Manhajar Rufus, wadda ake zuba ƙunshi a filas da ita, tana iya cire sharaɗin TPM daga ƙunshi na asali ba tare da ta kashe Defender ko sabuntawa ba, ko da yake Microsoft bai ɗauki alkawarin ci gaba da ba irin wannan na'ura faci ba. Wasu daga cikin masu kwaskwarimar ma sun koma wannan tafarki. AtlasOS ta daina rarraba ƙunshi, ta koma ba da jerin umarni da ake ɗorawa a kan Windows ta asali, mai Tiny11 shi ma ya fitar da rubutaccen umarni da kowa zai iya karantawa ya haɗa nasa. Wannan ya rage matsalar abin da aka cusa, amma ta abin da aka cire tana nan, sai mutum ya duba kowane zaɓi kafin ya amince.

Na'urar da ta tsufa ƙwarai kuwa, wadda aikinta bai wuce rubutu da hawa intanet ba, ana iya ɗora mata nau'in Linux marar nauyi kamar Lubuntu ko Linux Mint Xfce, waɗanda ke samun faci a kai a kai. Wanda kuma ya riga ya girka ƙunshin da bai san asalinsa ba, goge cutar da manhajar rigakafi bai wadatar ba. Sai ya kwashe takardunsa, ya share dukkan sassan ma'adanar har da na EFI, ya girka ta asali, sa'annan ya canza kalmomin sirrinsa na imel da na banki daga wata na'urar daban.